Shimin Umma a Jikina

Talata, ƙarfe goma na safe

Umma ta tuɓe shimin. Ta ninke ta tsaf, ta ɗora min a kan keken ɗinki, ta ce, "Ga magulmaciyarku nan, ku sa wa wanda kuka ga dama."

Ba ni da wanda zan gaya wa, shi ya sa na juyo littafin awon mutane ta baya nake rubutu.

Tun faɗuwar da Umma ta yi a tsakar gida wata biyu da suka wuce Yaya ya kafe sai ya tafi da ita wurinsa. Tafiyar yini guda a mota, bene hawa na huɗu, ba wanda ta sani can sai matarsa. Umma kuwa shekara arba'in da uku tana gidan nan, ta ce ko da igiya ba za a ja ta ba. Aka yi ta ja-in-ja har likitan zuciya ya raba gardamar. Ya ce akwai wata shimi da ake sa wa masu irin ciwonta. Ta sa ta sati shida dare da rana, in an ga komai daidai ta yi zamanta a ɗakinta. Yaya ya yarda, amma da sharaɗi: ranar da ta cire, ranar zai taho da mota.

Ni tela ce, don haka ranar da aka kawo ta sai da na juya ta ciki da waje. Yadi ne mai talewa, ruwan toka. An saƙa wani siririn zare mai ƙyallin azurfa a cikin yadin, ya bi ta ƙasan ƙirji ya zagaya baya. Daga ciki akwai faci uku masu santsi, su ne dole su manne da fata. Ƙasan hammatar hagu kuma ɗan batir ne da bai kai akwatin ashana ba. Shimin tana jin bugun zuciya, da numfashi, da tafiya, da kwanciya. Sai ta gaya wa wani ɗan akwati da aka jona a bangon falo, shi kuma ya kai rahoto asibiti da wayar Yaya. In ta yi awa ɗaya ba ta ji zuciya ba, wayar Yaya ta hau kuka. Ɗinkin dai, wanda ya yi shi ya iya.

Asibiti ba su taɓa damun mu ba. Yaya ne. Umma ta yi dariya da Ungozoma, ƙawarta ta gidan da ke jikin namu, ya kira. Ta sunkuya ta share ƙofar ɗaki, ya kira. Kwana tara ana haka. Yau da safe ya kira ya ce, "Umma, me kike yi minti ashirin a wuri ɗaya zuciyarki na gudu?"

A banɗaki take. Ɗan da ta haifa ne yake mata wannan tambaya.

Talata, sha ɗaya saura minti biyar

Na roƙe ta, har durƙusawa na yi. Ko kallo ban ishe ta ba.

Na sa ta a jikina. Na yau ne kawai, kafin ta huce.

Laraba, bayan azahar

Ba ta huce ba.

Umma ta yi biyuna a jiki, shimin yawo kawai take a kaina, facin ba sa taɓa fata. Sau huɗu Yaya yana kira wai zanen bugun zuciyar da yake gani a wayarsa yana yankewa, in duba ko Umma ta sassauta ta. Na ce to Yaya, bari in gyara mata. Na kama gefe da gefe da fil. Ɗaya ya soke ni a haƙarƙari har sai da na yi ƙara, nan da nan ya sake kira. Na ce sauro ne ya cije ta.

Umma na zaune a gabana tana yanke farce, dariya na cin ta. Na ce, "Umma, ke fa nake rufa wa asiri." Ta ce, "Na aike ki?"

Alhamis, ƙarfe biyu na rana

Na yi ɓarna.

Akwai wani maɓalli a jikin batirin da ake dannawa in za a wanke ta. Yana ba da awa uku wayar Yaya ba ta yi kuka ba, sau biyu a sati. Na danna, na tuɓe, na ce bari in ɗan kama gefen da keke in huta da fil. Na ja layi da alli, na kauce wa zaren azurfar kamar yadda ake kauce wa aljihu, na bi da ɗinki. Ya fita ɗas. Har ina yaba kaina.

Sai da na ga ƙyalle biyu a ƙasa, kowanne faɗin yatsa huɗu, sannan na gane abin da na yi. Shekara ashirin hannuna ya saba, in an rage riga sai a datse ragowar. Almakashin ya riga kaina. Na tsince su ina kallo, kamar in na daɗe ina kallo za su koma da kansu. Ko na mayar da su ma, wannan yadin ba ya yafe ɗinki, facin ba za su ƙara zama inda aka auna wa Umma ba.

Yanzu ko ta huce, shimin ba za ta wuce kafaɗarta ba. Kuma ba a ba mu wata ba.

Na kai wa Umma ƙyallayen. Ta juya su, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ai kuwa ta yi miki kyau, Auta."

Saura sati huɗu da kwana uku.

Asabar, ƙarfe tara na safe

Na fara koyon zama tsohuwa mai shekara sittin da takwas.

Ba taka keke, don da na hau minti biyar Yaya ya kira ya ce wa ya sa Umma aiki. Ba ɗaukar bokiti. Ba sauri. Daga ɗaki zuwa kicin ina tafiya ina jan ƙafa ni kaɗai, ba mai kallo sai shimi. Ba fita, don da na wuce ƙofar waje akwatin ya daina jin ta, Umma kuma an hana ta fita. Labulen mutane na jibge a kan tebur, da rigunan 'yan makaranta goma sha biyu da na yi alkawarin gamawa. Sai kalmasa kawai nake da hannu, ina zaune kamar an dasa ni.

Ita kuwa mai ciwon, yau ta yafa mayafi ta ce za ta leƙa Ungozoma. Na ce Umma, likita fa. Ta ce, "Likita yana ganina a zaune lafiya lau. Ke dai ki zauna da kyau."

Raina ya ɓaci sosai, amma ba damar in nuna. Ɓacin rai ma yana fita a wayar Yaya.

Lahadi, da yamma

Ƙaiƙayi. Ƙasan faci na tsakiya, inda hannu ba ya shiga.

Litinin, ƙarfe huɗu da rabi

Yaya ya kira ɗazu ya ce a ba shi Umma. Umma na maƙwabta, ina jiyo dariyarta ta katanga. Na ce barci take. Ya ce, "Barci? Ga ta nan a zaune." Na ce yanzu take shirin kwanciya.

Sai na kwanta. Na miƙe a gadon Umma da rana tsaka, na rufe ido, ina jan numfashi a hankali, awa ɗaya da rabi, don ƙaryata ta tsaya. Tukunya na kan wuta ina jin ƙaurinta ba damar in tashi. Da Umma ta dawo ta ce wa ya ƙona mata tukunya. Na ce ke, kina barci.

Wannan karon ba ta yi dariya sosai ba.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Abin nan ya zo.

Ba sabo ba ne, ya fi shekara yana zuwa, ban taɓa gaya wa kowa ba. Kamar keke in ya fara tsallake ɗinki, ya yi gudu, ya yi gudu, ya bar wuri. Ina zaune ina zura zare ne, ɗakin ya ɗan yi duhu, na dafa tebur. Bai kai minti ɗaya ba ya wuce. Gajiya ce.

Na manta yanzu ba ni kaɗai nake jin sa ba. Ban gama sauke hannu daga tebur ba waya ta hau ruri.

"Me ya samu Umma ƙarfe huɗu da minti goma?" Yaya ne.

Na ce ɓera ne ya bi ta kan ƙafarta. Ya ce a gidan nan har yanzu akwai ɓera, ya yi ta faɗa a kan tsohon gida da tsohon rufi, da taurin kan wasu mutane. Na bar shi ya yi. Faɗan ɓera ya fi min sauƙi.

Alhamis, sha ɗaya na safe

Nas ta kira daga asibiti, mai fara'a. Ta ce likita ya duba na kwanakin nan, bugun Mama a zaune ya yi kyau ƙwarai, a raba mata farar ƙwayar safe biyu, rabi ya isa. Ta ce akwai wani ɗan wuri jiya da yake son ya ƙara dubawa, amma kada mu damu.

Na ce to, mun gode.

Bugun da ya yi kyau nawa ne. Zuciyar Umma ba wanda ya ji ta yau kwana tara. Na riƙe ƙwayar a tafin hannu na rasa yadda zan yi. In na raba, na bi likitan da ke duba wata mace daban. In ban raba ba, na zama likita da kaina, ni da ko allurar mutum ban iya ba sai ta yadi. Na ba ta guda kamar yadda aka saba, na tsaya ina kallon maƙogwaronta har ta haɗiye.

Ta ce, "Lafiya kike kallona kamar zan gudu?"

Tsoro nake ji. Na rubuta don in ga na faɗa.

Juma'a, ƙarfe ɗaya

Ranar wanki, ranar 'yanci.

Na cire batir, na cuɗa ta a ruwan sanyi. Ba a matsewa, ba a shanyawa a rana, ba a guga. An fi lallaɓa ta a kan jariri. Na rataye ta gaban fanka na zari jaka na fita, awa uku cif a hannuna.

Wallahi har gudu na yi a titi, don kawai in ji na yi. Na sayo zare da maɓallai, na tsaya wurin mai yadi muka yi ciniki da ƙarfi, na ɗaga murya son raina ba wanda ya kira. Matar da ke da labule ta tare ni a bakin kasuwa ta wanke ni tas, ta ce in ba zan iya ba in ba ta kayanta. Ko wannan daɗi ya yi min.

A hanyar dawowa abin nan ya zo. Na jingina da wani shago har ya wuce. Abin da na fara tunawa shi ne Alhamdulillahi ba ta jikina.

Na iso saura minti shida. Ba ta gama bushewa ba, haka na sa ta da danshinta.

Lahadi, bayan la'asar

Mun yi faɗa da Umma, irin faɗan da ban taɓa gani ba. Ita tana ɗaga murya, ni ina raɗa, ina tsayawa tsakanin magana in ja numfashi in sauke. Na ce ta bari in kira Yaya mu ce shimin ta lalace a kawo wata, ta daure ta sa. Ta ce ko an kawo ta zinariya. Ta ce, "Na goya shi, na wanke masa kashi, yau shi zai riƙa ƙirga min numfashi? Gara ya zo ya ɗauke ni."

Na ce to ai ɗauke kin zai yi.

Ta kalli ƙofar ɗakinta, ta kalli igiyar shanya, ta tashi ta shige. Ba ta fita ba yau.

Kuka nake so in yi. Na gwada a hankali da fuskata cikin matashi, na ji ƙirjina ya fara hawa, na haɗiye.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Na yi niyya. Na tsara maganar tun ina alwala: Yaya, akwai abin da zan gaya maka, ka yi haƙuri ka ji har ƙarshe.

Na kira. Kafin in buɗe baki ya ce, "Auta, dama ina son in yi miki godiya." Ya ce tun faɗuwar Umma bai samu barci kamar na kwanakin nan ba. Ya ce a wurin aiki yana ajiye wayar gefen hannunsa, in ya ga zanen nan yana hawa yana sauka sai ya ji kamar yana ɗaki ɗaya da ita. Ya ce ya san yana takura mana, amma ranar da Baba ya rasu ba ya gari, a waya aka gaya masa, ba ya son a ƙara gaya masa komai a waya. Sai muryarsa ta sarƙe.

Yaya da ko a zaman makokin ban ga hawayensa ba.

Ya ce, "Me za ki ce ne?" Na ce ba komai, gaishe ka zan yi.

Ba zan rubuta maganar Baba ba.

Laraba, da hantsi

Abin nan ya zo sau biyu tun safe. Na ce wa Yaya ɓera, sannan tari. Dabarata ta kusa ƙarewa.

Alhamis, ƙarfe uku

Ungozoma ta shigo aron zare. Ta daɗe da ajiye aiki, amma idonta bai ajiye ba. Ina miƙa mata zaren ta kama wuyan hannuna maimakon zaren, ta ɗora yatsu biyu, ta kafa wa bango ido.

Ta ce, "'Yar nan, tun yaushe?"

Na ce tun yaushe me, Inna? Na zare hannuna.

Ta ce, "Leɓenki nake kallo tun shekaranjiya. Uwarki ta fi ki jini a fuska." Na ce zaman ɗaki ne. Ta ce, "Uhm." Uhm ɗin Ungozoma ya fi wa'azin wani tsawo.

Ta san maganar shimin, Umma ta ba ta labari tun ranar farko suka sha dariya. Yau da za ta fita ta tsaya a ƙofa ta ce, "Wasan nan naku ya isa haka." Na roƙe ta kada ta ce wa Umma komai. Ba ta ce to ba, ba ta ce a'a ba.

Asabar, ƙarfe sha biyu

Baba shekararsa arba'in da ɗaya ya rasu. Ya sunkuya ɗaura takalmi ne a ƙofar shago.

Ni saura wata biyar in cika. Shi ke nan, na rufe.

Lahadi, da safe

Fatar ƙasan facin ta saɓule. Na sa hoda, zanen ya yanke, Yaya ya kira, na goge hodar.

Saura sati biyu. Zan iya. In na zauna shiru zan iya.

Litinin, ƙarfe biyu da kwata

Likitan da kansa ya kira, ba nas ba. Ya ce in buɗe muryar wayar Mama ta ji. Muna zaune a falo, na ajiye wayar a kan tabarma tsakaninmu.

Ya tambayi Umma ko tana jin jiri. Ta ce a'a. Ko idonta na yin duhu. A'a. Ko tana jin ƙirjinta na gudu ya tsaya. Ta ce, "Ni lafiyata ƙalau, likita, jiya ma har wanki na yi." Na harare ta.

Ya ce abin yana ɗaure masa kai, don zanen ya canza kusan sati uku ke nan, kamar ba zuciyar da ya duba da hannunsa ba. Ya ce a zaune tana bugawa kamar ta mai ƙuruciya, amma sau shida a kwana goma sha biyu ta yi wani irin gudu da ba ya so ko kaɗan, na ranar Laraba kuma bayan gudun ta tsaya cak na ɗan lokaci. Ya ce irin wannan ba ya sallama kafin ya shigo. Ya ce su ba su da kayan aikinsa a nan, sai babban asibitin zuciya, kuma an yi sa'a yana garin da ɗanta yake. Ya riga ya yi magana da Yaya, zai taho ranar Asabar.

Sannan ya ce, "Mama, a danginku akwai wanda ya taɓa rasuwa farat ɗaya, yana da sauran ƙarfinsa?"

Ni Umma take kallo. Ba fuskata ba, nan inda batirin ya ɗan turo rigata ƙasan hammata.

Likita ya ce, "Mama, kina ji na?"

Ni na amsa. Na ce layin ne ba kyau, za mu kira. Na kashe.

Umma ta tashi ta ɗora ruwa a wuta, ta manta da shi har ya ƙone.

Litinin, ƙarfe shida

Sati uku ina zaune kamar gunki don kada a zo da mota. Ga mota za ta zo, kuma ni na kira ta.

Talata, bayan azahar

Umma ba ta fita ba. Duk inda na yi tana bayana. Na ɗauki buta ta karɓe. Na sunkuya ɗaukar allura ta daka min tsawa har na firgita, ta sunkuya da kanta, ita da aka hana sunkuyo.

Har yanzu ba mu yi maganar ba. Muna ta zagaye ta kamar rijiya a tsakar gida.

Yaya ya kira sau bakwai. Ya ce a haɗa wa Umma kaya, kada ta ɗaga komai, kada ta yi fushi. Ya ce ya gyara mata ɗaki. Umma ta karɓi wayar ta ce to, to, to, ta miƙo min.

Na samo dabara. Gobe.

Laraba, ƙarfe goma na safe

Dabarar ita ce zaren azurfar. In na tsinke shi a wuri ɗaya ta baya, zanen zai haukace. Sai in ce tun sati uku shimin ta lalace a wanki, duk abin da likita ya gani shirme ne. Za su aiko da wata daidai jikin Umma, in roƙe ta ta sa na sati biyu, su ga zuciyarta ta gaske, tsohuwa mai lafiyar tsufa. Ba asibiti, ba mota. Ta zauna a ɗakinta.

Na danna maɓallin wanki, na tuɓe, na shimfiɗa ta a tebur. Ina laluben zaren da bakin almakashi na ji an riƙe min hannu. Ban san Umma na da sauran ƙarfi haka ba.

Ta ce, "Me za ki yi?"

Na gaya mata duka, da sauri, har ina haɗa kalmomi. Na ce Umma ki duba, in aka faɗi gaskiya Yaya ba zai ƙara yarda da mu ba har abada, ko kwana ɗaya ba zai bar ki a nan ba. Na ce wannan ce kaɗai hanyar da za ki zauna a gidanki.

Ta ce, "In zauna da wa?"

Na ce ni ai gajiya ce kawai.

Ta ce, "Haka ubanki ya ce min da safen."

Ba ta taɓa faɗa ba. Shekara ashirin da tara ban taɓa jin ta faɗi abin da ya ce da safen ba.

Ta ce tun yaushe. Na ce ya fi shekara. Ta ɗaga hannu na zaci mari ne, sai ta ɗora shi a ƙirjina, ta bar shi nan. Tafin hannunta na da sanyi. Ta ce, "Ina cikin gida ɗaya da ke, ina yawon maƙwabta, tsumma ya riga ni ji." Sai na yi kukan da nake bin kaina tun sati uku, da ƙarfi, da majina, shimin na kan tebur ba mai kai rahoto.

Da na lafa ta ce in mayar da ita jikina. Na ce Umma. Ta ce, "Mayar. Yanzu ne take da amfani." Ita ta ja min ta baya, ta gyara facin, ta maƙala batirin, ta tambaye ni ko ya zauna.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya da rabi

Umma ta ce in kira mata Yaya. Na kira, ta karɓa.

Ta ce, "Babana, zauna in kana tsaye." Haka take kiransa in magana ta yi nauyi. "Zuciyar da kake kallo sati uku ba tawa ba ce. Ta ƙanwarka ce. Ni na tuɓe, ita ta sa don kada ka ɗauke ni. In faɗa za ka yi, ni za ka yi wa, kuma ba yau ba."



Ta ce, "Ka kira likitan nan ka gaya masa shekararta arba'in, ka gaya masa yadda ubanku ya tafi. Kuma kada ka jira Asabar."

Ya yi magana, ban ji me ya ce ba.

Ta ce, "Ni? Da ni mana. Wa zai zauna da ita, kai?"

Ta miƙo min wayar. Ya kira sunana sau biyu. Can ya ce, "Ina ganin ki. Tana gudu. Ki zauna, don Allah ki zauna." Na ce a zaune nake, Yaya.

Laraba, ƙarfe huɗu

Yaya ya taso, gobe da hantsi zai iso. Likita ya ce kada in cire, kada a bar ni ni kaɗai. Ungozoma na zaune a bakin ƙofa ta tsare ni da ido.

Na ce wa Umma ba sai ta bar gidan ba, ta zauna da Ungozoma, in an gama da ni in dawo. Ta ce in rufe mata baki. Na ce ba a san ranar dawowa ba fa, kuma in ta hau benen nan Yaya ba zai bari ta sauko ba. Ta ce ta sani.

Tana ɗakinta yanzu. Na ji ta jawo kujera, na ji akwati ya sauko daga kan durowa ya bugi ƙasa. Na yunƙura zan taya ta, su biyu suka haɗa baki suka ce zauna.

Ta ɗaga murya ta bango tana tambayata ko can ana sanyi, ta san irin zannuwan da za ta ɗiba.